Kurmin da Milka Ta Shiga

Malama Milka Asher tana koyar da ilmin halittu a wata sakandare a Kafanchan. Ta haura arba'in, gajera ce, ga murya irin ta mai kiran fasinja a tasha. Ba ta yi aure ba, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili ba ya sake tambaya. Abu biyu aka san ta da su tun tana yarinya, taurin kai da son tsuntsaye. Na farkon yana nan har yau. Na biyun kuwa, idan ɗalibi ya kawo mata zancen tsuntsu yanzu, sai ta ce ya buɗe littafi ya karanta, ita kanta na ciwo.

'Yar Ungwan Kumai ce, wani ƙauye da ake sauka a kan hanyar Kwoi a hau mashin a shiga ciki. Manoman citta ne kaf ɗinsu, Kirista ne tun zamanin kakanni. Bayan garin, inda ƙasa ta gangara, akwai wani kurmi da suke kira Kurmin Dodo. Daga nesa baƙi ƙirin yake, ko da rani. Cikinsa rafin da gari ke sha yake ɓulɓulowa. A da can, kafin bishara ta zo, nan maza ke shiga su yi sha'aninsu na dodo, mata da yara su kulle kansu a ɗaki. Masu riƙe da wannan al'ada sun mutu tuni, ba wanda ya gaje su. Amma tsoron bai bi su kabari ba. Ba a saran ko da reshe a wurin, ba a farauta, ba a ɗiban itacen da ya faɗi da kansa. Mace kuwa, an ce in ta taka cikinsa ƙafafunta za su kumbura, ta haukace kafin kaka. Dattijon ikkilisiya zai tsaya ranar Lahadi ya ce dodo ƙarya ne, maza ne ke busa gora, ranar Litinin kuma ya zagaye wurin da nisa in zai tafi gona.

Milka ta tashi tana kallon kurmin nan daga bakin rafi, inda iyakar mata take. Da sassafe wani tsuntsu ke kuka daga ciki, kuka mai kauri kamar ana gurza ƙwarya. Mata su ce kazar dodo ce, su ɗauki tulunansu da sauri. Ita kuwa sai ta tsaya. Sau ɗaya ta gan shi ya gilma tsakanin itatuwa, jikinsa shuɗi mai duhu, fukafukansa ja jawur. Ta sha duka ranar saboda ta dawo gida ba ruwa, amma ba ta taɓa mantawa ba.

Shekara da shekaru tana koyarwa kafin ta samu ta koma jami'a neman digiri na biyu. Tana zuwa ƙarshen mako da lokacin hutu, ta dawo ta shiga aji da alli. Fannin da ta zaɓa ya ba 'yan uwanta dariya: ilmin yadda halittu ke rayuwa a tsibirai.

"Tsibiri kuma?" in ji yayanta Azariya, manomin citta, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. "Malama, ina teku a Jaba? Ko za ka auri mutumin Kalaba ne mu huta?"

Ta yi masa bayani yadda malaminta, Dokta Bartholomew, ya yi musu. Ba sai da teku ba. Kurmin da gonaki suka kewaye shi ma tsibiri ne, domin tsuntsun kurmi ba ya iya rayuwa a gonar dawa, kamar yadda akuya ba ta rayuwa a ruwa. In kurmi babba ne, kuma yana kusa da wani, zai riƙe iri da yawa. In ya ƙanƙance ya yi nisa da 'yan uwansa, iri za su dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya ɓace ba inda zai fito ya dawo. Azariya ya saurara, ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da wasa fartanyarsa.

Ta yi yawo a kan mashin, daga wajen Kwoi har kusa da Kachia, tana neman sauran kurame. Abin da ta tarar ya sanyaya mata jiki. Nan an sassabe rabi, can an bar 'yan itatuwa tsirara a bakin kwari, wani wurin suna kawai ya rage. Da Dokta ya buɗe mata hoton yankin da aka ɗauko daga sama, sai ga ɗigo ɗaya mai duhu sosai a tsakiyar gonaki. Ya sa yatsa a kai ya tambayi sunan wurin. Kurmin Dodo ne, na bayan gidansu.

Daga ranar ta ƙudura abu guda a ranta. Za ta shiga, ta ƙidaya itatuwan da tsuntsayen, ta rubuta su da hujja, ta kai wa hukuma a sa wurin cikin dazuzzukan da doka ke karewa. Tsoron dodo, a ganinta, ba katanga ba ce da za a dogara da ita. Tsofaffi na mutuwa, yara na tasowa da waya a hannu. Kurmin yana bukatar takarda mai hatimi. Tunaninta ke nan, kuma ba wanda zai ce tunanin banza ne.

Mahaifiyarta, Mama Yemima, 'yar Zumuntar Mata ce da ba ta fashin sujada. Da ta ji labari sai ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa.

"Milka, ka rufa mani asiri. Kar ka shiga wurin nan."

"Mama, ba ke ce kike rera cewa Yesu ya fi dodo ba?"

"Ya fi shi, ban ce bai fi ba. Amma Yesu bai aike ka can ba. Makaranta ne ya aike ka."

Dattawan gari ma suka hana. Ba su ba da wani dalili ba, sai dai cewa ba a yi. To ita Milka, "ba a yi" shi ne abin da ke tunzura ta tun tana goye. Sai ta wuce wurin Rabaran Ishmael, sabon faston da aka turo musu, saurayi mai zafin wa'azi wanda ya daɗe yana jin haushin yadda tumakinsa ke raba tsoronsu biyu. Ya saurare ta idonsa na ƙyalli. Zancen tsuntsaye bai dame shi ba, amma ya ce zai raka ta har bakin kurmin ya yi addu'a a gaban kowa. Ta ga ta samu mai goya mata baya, ba ta tsaya tambayar kanta abin da shi yake nema ba.

Wata Asabar da safe, farkon damina, gari ya taru a bakin rafi. Rabaran ya ɗaga Littafi Mai Tsarki ya yi addu'a da ƙarfi. Mama Yemima ta ƙi zuwa, tana ɗaki a durƙushe. Milka ta sa takalmin roba, ta rataya jakarta, ta tsallake ruwan.

Taku kaɗan ta yi hayaniyar mutane ta ɗauke. Sanyi ya rufe ta, da ƙanshin ruɓaɓɓen ganye. Ga maɗaci, ga rimi, ga kwakwar manja da ba wanda ya taɓa hawa, ga igiyoyin daji sun sauko daga sama masu kaurin cinya. Birai suka tsaya a reshe suna kallonta, ba su gudu ba, don ba su san mutum ba. A tsakiya ta tarar da wani ƙaton itacen loko wanda mutum biyar ba za su kewaye shi da hannu ba, ruwan rafin na fitowa daga ƙarƙashin saiwoyinsa. A gindinsa akwai fasassun tukwane da gansakuka ya rufe. Iyakar dodon ke nan. Tana tsaye sai kukan nan mai kauri ya tashi daidai kanta. Ta ɗaga ido, ga su har uku suna gudu a kan reshe, suka buɗe jajayen fukafukansu. Ta zauna a kan saiwa ta yi kuka, kukan daɗi, ita kaɗai.

Aikin yana bukatar a sa wa kowane babban itace shaida don a gane shi in an dawo awo. Ta zo da 'yan guntayen ƙarfe masu lamba da ƙananan ƙusoshi. Lamba ta ɗaya a jikin lokon nan ta buga ta.

Duk daminar tana shiga tana fita. Ta sare 'yar siririyar hanya daga rafi zuwa tsakiya don sauƙin awo. Gari kuwa ya zuba wa ƙafafunta ido. In ta zo wucewa mata su gaishe ta, idonsu na ƙasa. Mama Yemima kan ce ta zo ta shafa mata man zafi, alhali so take ta latsa ta gani. Aka cire gyaɗa, aka yanke dawa, aka tono citta, Milka na nan garau, har ƙiba ta yi.

Ranar godiyar kaka Rabaran ya kira ta gaban ikkilisiya. Ya ce jama'a su dube ta da kyau. Ya ce ga mace ta shiga inda kakanni suka ce mutuwa ce, ta fito lafiya, yau ikon duhu ya karye a Ungwan Kumai. Majami'a ta ɗauki guɗa, mata suka buga tulu da kacau-kacau, aka yi rawa har ƙura ta tashi. Milka ta so ta ce wani abu game da tsuntsayen da rafin, amma ganga ta fi ta murya. Kuma a faɗi gaskiya, ta ji daɗi. Macen da aka daɗe ana yi wa kallon wadda ta rasa miji, yau ita ake nunawa da yatsa don alheri. Ta yi rawar ita ma.

An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Mata ne suka fara, da busasshen itacen da ke ƙasa, kuma wa zai hana mace itacen girki? Hanya ma a share take, Malama ta share. Sai samari suka bi da karnuka, birai suka koyi gudu bayan an ci rabinsu. Sai wani ya sari gwangwala don rufin ɗaki. Duk zuwan da Milka ta yi daga Kafanchan sai ta tarar hanyarta ta ƙara faɗi. Ta yi faɗa, ta yi roƙo. Suka ce, "Malama, ai kai ne ka nuna mana babu komai."

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila kurmin ya jure. Amma daminar da ta biyo ita ce wadda cuta ta shiga citta a duk ƙasar. Ganye ya yi rawaya, in an tono sai ruɓa da wari. Mutanen da citta ce makarantar 'ya'yansu, ita ce asibitinsu, ita ce rufin kwanonsu, suka tsaya a gona hannu a ka. Gonakin nesa kuma tuni aka bar su, saboda 'yan bindiga sun ɗauke mutane a can, wasu ba su dawo ba. Sai magana ta fara zagayawa cewa tsohuwar ƙasa ce ta kamu, sabuwar ƙasa da ba a taɓa nomawa ba ita ce magani. Sabuwar ƙasa kuwa kusa da gida, inda mace za ta yi ihu a ji ta, wuri ɗaya ce tak.

Milka ta samu Azariya a zaure, ya rame, wuya ya yi tsawo.

"Yaya, cutar nan a jikin iri take. Ko a ina kuka shuka za ta bi ku. Ku bar kurmin, na roƙe ka da girman Allah. Takardata ta kusa fita."

"Takarda," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Yara na sun zauna gida tun wancan tam, ba kudin makaranta. Kai kana da albashi, Milka. Ni me zan ba su, tsuntsu?"

"In kuka sare shi rafin zai ƙafe."

"Da can an ce kafa zai kumbura. Yanzu an ce rafi zai kafe. Kowa da nashi dodo."

Ta tashi ta fita. Ta je wurin Rabaran, ya karɓe ta da mutunci, ya ce shi ma bai so a sare ba, amma da wane baki zai hau bagade ya ce wa mayunwata su koma tsoron wurin da ya ce musu babu abin tsoro? Ta je wurin dattawan da suka hana ta tun farko. Ba su yi mata gori ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Suka ce yanzu magana ta fi ƙarfinsu. Ta hau mota ta je ofisoshi, aka ba ta kujera, aka yaba wa aikinta, aka ce ta dawo idan oga ya dawo.

Da rani aka kawo injin yankan itace daga gari. Masu katako suka ɗauki manya, masu gawayi suka tara sauran suka rufe da ƙasa suka sa wuta. Hayaƙi ya yi ta tashi bayan gari har aka daina lura da shi. Ranar da aka kayar da lokon nan, Milka tana aji a Kafanchan tana zana zuciyar kwaɗo a allo. Mama Yemima ce ta gaya mata daga baya cewa ƙasa ta girgiza har kwanuka suka faɗo daga kan kantar ɗakinta. Tsuntsayen nan masu jan fukafuki sun koma kan wani mangwaro a bayan makarantar firamare, suna kuka da safe, yara na jifansu da gwafa. Bayan ɗan lokaci ba a ƙara jin su ba. Ita ta san babu wani kurmi kusa da za su iya kaiwa, ai ita ta auna nisan.

Ta kira Dokta Bartholomew a waya don ta ce ta bar karatun, tunda abin da take nazari babu shi. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ta ji a muryarsa da gaske yake. Sannan ya ce ta tsaya ta yi tunani. Mutane da yawa sun rubuta yadda tsibiri ke mutuwa, amma kaɗan ne suke da ƙidayar wuri tun yana cikakke, sannan suka ga ƙarshensa da idonsu. Ya ce ta koma ta sake ƙidaya. Aikinta zai fi na kowa a ajinsu.

Ta zage shi a zuciya, zagi mai kyau. Sannan ta koma, don taurin kan nan bai bar ta ta ajiye abu a rabi ba. Ta bi kututture ɗaya bayan ɗaya cikin rana, a wurin da da ba a ganin rana. Azariya na can gefe yana yin kunya a baƙar ƙasa mai laushi, irin wadda manomi ke mafarki. Suka gaisa kamar baƙi.

Cittar ta fito kore shar, har mutane suka fara cewa ka gani. Tsakiyar damina ganye ya yi rawaya. Milka ba ta ce wa kowa "na faɗa muku" ba, domin ba ta ga abin riba a ciki ba. Ruwan sama ya wanke baƙar ƙasar ya zuba a kwari. Da rani ya zagayo rafin ya ja baya, ya zama 'yan kududdufai, sannan ya zama yashi. Yanzu matan Ungwan Kumai rijiyar burtsatse ta garin gaba suke zuwa da jarka, kuma a hanya sukan ce dodo ne ya yi fushi ya ɗauke ruwansa saboda mace ta shiga masa gida. Tsoron ya dawo daram, sai dai babu sauran abin da zai tsare.

Ta ci jarrabawarta. Baƙon malamin da ya zo daga wata jami'a ya miƙe ya ba ta hannu, ya ce a buga aikin don duniya ta karanta. Takardar da ta so ta kai wa hukuma ta fito, da hatimi da komai.

Mama Yemima ta dage sai an yi sujadar godiya a gida, don a zuri'arsu ba a taɓa samun mai digiri biyu ba. Milka ta ce a bari, tsohuwar ta ce ba za a bari ba, ko mutane na magana ko ba sa yi, 'yarta ce. Aka gayyaci Zumuntar Mata, aka yanka akuya, aka kafa manyan tukwane a tsakar gida. Azariya ba shi da abin bayarwa, don haka ya kawo abin da yake da shi, buhu biyu na gawayi da ya rage masa a rumbu. Ya ajiye su ya ce gudummawarsa ke nan ga Malama.

Milka ba ta iya zama ana yi mata aiki ba. Ta ɗaura zane a kan rigar bikin ta zo ta taya su hura wuta. Ta kwance bakin buhu ta zazzage. Gawayi ne mai nauyi, mai ƙara kamar ƙarfe, irin wanda mata ke yabo don ba ya saurin cinyewa. Tana tura shi ƙarƙashin tukunya sai wani abu ya karce mata yatsa. Ta ɗauko guntun ta duba. Ƙusa ce a jikinsa, da ɗan ƙarfe da ya yi baƙi ya lanƙwashe. Ta goge shi da babban yatsa. Masu katako sun tafi da gangar lokon, ɓawon da ɓarin da suka bari ne aka ƙona. Lamba ta ɗaya ce.

Ta daɗe a tsugune. Bayanta mata sun fara waƙar godiya, ana kiran sunanta a ciki.

"Milka," in ji Mama Yemima, "wutan nan zai mutu. Sa gawayi, baƙi na jiran shinkafa."

Ta zare ƙarfen ta ƙulle a bakin zanenta. Gawayin kuma ta sa shi a wuta, ta ɗauki mafici ta fifita har ya kama.